Motsa jiki don rage ƙiba a Agadas: yadda ake farawa da abin da ke sa mutum ya ɗore

Har yanzu a Agadas akwai dattawan da suka bi ayarin gishiri daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, tafiyar sama da kilomita 500 ta cikin Tenere, yawancinta a ƙasa suna jan raƙumi. Akwai tsofaffin mata da suka shekara da shekaru suna daka hatsi a turmi, suna jan guga a rijiya. Waɗannan babu wanda ya taɓa ce musu su motsa jiki, don aikin yini kaɗai ya ishe su. Yau jikansu in zai je kasuwa kabu-kabu yake tsaidawa. Hatsi injin ke niƙa shi, ruwa na pampo ne, aikin biro ko na butik a zaune ake yinsa, da dare kuma a zauna fada a kan shayi. Abinci ma ya canza: taliya da makaroni da man girki da lemun gwangwani da ke shigowa ta Aljeriya da Libiya sun cika shaguna. Jiki kuwa halinsa na nan, abin da aka ci ba a ƙona ba sai ya aje shi kitse.

Abin ba na Agadas kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba mai yawa, kuma kashi 31 cikin 100 na manya ba su motsa jiki gwargwadon da ya kamata. Cututtukan da ke biyo bayan ƙiba mun san su a gidajenmu: hawan jini da muke ce ma tansiyo, ciwon suga, ciwon gwiwa da na baya, shanyewar ɓarin jiki.

Wa ke bukatar ragewa?

Ba duk mai jiki ne ke bukata ba, kuma a ƙasar da tamowa ke damun yara da mata da dama, kada wanda ba shi da ƙiba ya shiga horar da kansa da yunwa. Ma'aikatan lafiya na da awon da suke ce ma IMC. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 85, awonsa 29.4 ke nan. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba sosai.

Amma ga wani awo da ya fi sauƙi, ba ya bukatar sikeli ko lissafi. Nemi igiya, ka yanke ta daidai tsawonka daga kai zuwa diddige, ka ninke ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta ɗan saman cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, to madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Shi wannan kitse na tumbi shi ya fi haɗari, don yana tattare da hanta da hanji, shi ke jawo suga da tansiyo fiye da na cinya ko na kwankwaso. Aje igiyar, za mu dawo gare ta.

Nawa za a rage? Nan mutane ke yawan karya kansu, mai kilo 100 ya ce sai ya koma 70 kamar lokacin samartaka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya saukar da suga da tansiyo yadda za a gani a awo. Ga mai kilo 85, kilo 4 zuwa 8 ke nan, cikin wata 6 ko fiye.

Kafin a fara

Yawancin mutane ba sai sun ga likita ba kafin su fara tafiyar ƙasa. Amma wanda ke da ciwon suga, ko tansiyo, ko ciwon zuciya, ko fuka, da mai ciki, da wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai yi wani aikin ƙarfi ba, ya fara bi ta CSI na unguwarsu ko babban asibitin jaha a auna shi. Mai shan maganin suga, musamman mai allurar insulin, ya riƙe dabino 2 ko 3 a aljihu. In ya ji jiki na rawa, zufa mai sanyi na keto masa, ido na duhu, sugar ce ta faɗi, ya tsaya ya ci. Kuma kada mai ciwon suga ya fita ba takalmi, ko da silifas mai sako-sako. Ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, ƙaya ko rairayi mai zafi na iya ji masa ciwo bai sani ba, ƙaramin miki ya zama babba. Kullum in ya dawo ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

Ga kowa da kowa: ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi, ko jiri, ko zuciya ta riƙa bugawa ba daidai ba, a tsaya nan take a nemi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Minti nawa, kuma yaya?

Ƙa'idar da OMS ta fitar a 2020 ta ce babban mutum na bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko rabin haka in mai tsanani ne kamar gudu ko ƙwallo. Minti 150 shi ne rabin awa, kwana 5 a mako. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar wanda ya ji an tada iƙama yana nesa da masallaci: kana iya magana da na kusa da kai, amma ba ka iya rera waƙa. In maganar ma ta gagara saboda haki, ka wuce, rage sauri.

Minti 150 ɗin nan wurin da za a kai ne, ba daga nan ake tashi ba. Wanda ya shekara biyar bai taka kilomita guda ba, makon farko minti 10 ya ishe shi, 5 zuwa, 5 dawowa. Zai ji kamar wasa, zai ga ai zai iya fin haka. To ya bari a haka. Mako na biyu 15, na uku 20, cikin wata guda ko wata da rabi ya kai rabin awa. Mafi yawan masu barin abin ba ragwanci ya kada su ba, zumuɗin ranar farko ne: a sayi kayan futin, a zagaya filin wasa na Sidi Mohamed a guje har a ga taurari, washegari cinya ta ƙi tashi, gwiwa ta kumbura, shi ke nan an gama. Mai jiki mai nauyi kada ya fara da gudu, gwiwa ce ke biyan kuɗin.

Rabin awa na tafiya mai sauri ya kai kamar kilomita 2 da rabi, wato zagaya cikakken filin ƙwallo sau 7. Ba dole ba ne a yi shi a tashi ɗaya. Minti 10 da asuba, 10 zuwa masallaci mai ɗan nisa, 10 bayan cin abincin dare, duk ana ƙirga su. Tafiya bayan cin abinci ma tana taimakawa wajen hana suga hawa.

Masu wayar salula da ke ƙirga taku, kada lambar 10,000 ta tsorata ku. Asalinta talla ce ta wani kamfanin Japan da ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965. Wani bincike na jami'ar Harvad a Amurka a 2019 kan tsofaffin mata ya nuna masu taku kimanin 4,400 a rana ma sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin na ƙaruwa har wajen 7,500.

Sai aikin ƙarfafa tsoka, kwana 2 a mako. Wannan a tsakar gida ake yinsa. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau 10. Dafa bango ka tura jikinka, sau 10. Ɗaga bido mai lita 5, kilo 5 ke nan. A maimaita sau 2 ko 3. Amfaninsa shi ne in nauyi na sauka, kitse ya tafi tsoka ta tsaya. Ga dattawa kuwa shi ke hana faɗuwa.

Lokaci da wuri

Shawarar da aka rubuta don mutanen Faransa ba ta san watan Mayun Agadas ba. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin rana na wuce digiri 40, kuma da la'asar ƙasa da bango na ci gaba da fitar da zafin da suka sha. A wannan lokaci babu kamar bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. In ba haka ba sai bayan isha'i, a hanya mai haske, da tufa mai haske don masu moto su gan ka. Wanda ke da zaɓi, ya fara cikin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In bazara ta zo ta tarar jiki ya saba, ragewa kawai za a yi.

A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja, ruwa bai isa ba. Wanda ya fara ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko ya rikice yana maganar da ba a ganewa a cikin zafi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a yi fifita, a garzaya asibiti. Samarin da ke ɗaura leda a ciki ko su saka rigar sanyi don su yi zufa, ruwa suke zubarwa, kitsen na nan. Suna shan ruwa nauyin ya dawo, ƙoda ce kawai ta wahala.

Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango hasumiyar Babban Masallaci, a yi na cikin gida, musamman masu fuka. Tafiya cikin rairayi mai laushi kamar na korin Telwa na cin ƙarfi ninki biyu ko fiye na tafiya a kan dandaryar ƙasa, don haka tana da amfani ga wanda ya saba, amma tana gajiyar da idon sawu, sabon shiga ya jira. Da damina kuma a nisanci cikin kori ko da sama garau take a gari. Ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin na iya isowa ba sallama, waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2009 ba sai an faɗa musu ba.

Lissafin da ba a son ji

Ga gaskiyar da ke sa mutane fushi bayan wata guda: tafiya ita kaɗai ba ta zubar da kilo da sauri. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Kilo guda na kitse na ɗauke da kalori kimanin 7,700. Mai kilo 80 in ya yi rabin awa na tafiya mai sauri, kamar 150 yake ƙonawa. Ke nan sai ya fita wajen sau 50, mako 10, kafin kilo guda ya tafi, in har bai ƙara cin abinci ba. Gwangwani guda na Coca-Cola mai santilita 33 na da suga giram 35, kusan kalori 140. Ka dawo daga tafiya ka sha shi da sanyinsa, an yi canjaras.

Yanzu mu zo ga shayi, ko da yake mun san mun taɓo inda ke da zafi. A ce kowane ƙaramin kofi na ɗauke da suga giram 10 zuwa 12, kwatankwacin ƙwaya 2 na sugan kwali. Na fari, na biyu, na uku, sau 3 a yini, kofi 9 ke nan, suga wajen giram 100, kalori 400. OMS ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma 25. Wanda ya raba sugan shayinsa biyu ya rage kalori 200 kullum, fiye da abin da rabin awar tafiya ke ƙonawa. Babu wanda ya ce a bar shayi, wa zai iya a Agadas? A ce ma mai dafawa ya zuba naka kafin ya ƙara suga, ko ka tsaya a zama 2 maimakon 3. Harshe na sabawa cikin ƴan makonni.

Na biyu mai ne. Babban cokali guda na man girki kalori kusan 120 ne, kuma a tukunyar shinkafa ko makaroni ba a ƙirga cokali, tuttulawa ake yi. Uwar gida in ta koma aunawa, gidan duka ya amfana, kuɗin cefane ma ya ragu. Kayan lambu kuwa Allah ya hore mana: albasar Tabelot, lemun Timiya a lokacin sanyi, tumatir, kabeji, karas, ga zogala da wake. Shan lemun Timiya da ɓargonsa ya fi na kwalba nesa ba kusa ba. Dabino da fura abinci ne masu kyau, amma na matafiyi ne mai yini a ƙasa, mai yini a kujera ya rage kwano.

To in haka ne mene ne amfanin tafiyar? Amsar na cikin wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002. An bi mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci don rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu. Waɗanda aka ba maganin metformin, da kashi 31 ya ragu. Motsa jiki na saukar da tansiyo da suga ko sikeli bai motsa ba. Kuma shi ke hana kilon da ya tafi dawowa: a wata rajista da aka buɗe a Amurka tun 1994 ta mutanen da suka rage kilo 13 ko fiye suka riƙe, kusan dukansu na motsa jiki kullum, kuma tafiyar ƙasa ce aka fi yi.

Abin da ke sa a ɗore

Ku tuna lokacin Biyanu. Mutumin da ke cewa gwiwa ba ta barinsa ya kai bakin titi, sai ga shi bayan tambura yana zagaya unguwanni, har Alarsas a kwana, a dawo da ganyen dabino ana rawa. Ƙafar ita ce dai ta jiya. Abin da ya bambanta shi ne akwai jama'a, akwai kiɗa, akwai lokacin da kowa ya sani. Waɗannan uku su ya kamata mai farawa ya nema ma kansa.

Jama'a: mutum guda ma ya isa, wanda zai tsaya ƙofar gidanka yana sallama. Kunyar barinsa tsaye ta fi duk wata niyya ƙarfi. Ƴan fada na iya cewa ba a hura gawayi sai an yi zagaye guda. Matan adashi ɗaya ko na makarantar islamiyya ɗaya su fito tare da sassafe, hijabi ba ya hana tafiya, takalmi mai kyau kawai ake bukata. Wadda fita ke mata wuya, tsakar gida ta isa: zagaye, tashi-zauna, rawa ita da ƴaƴanta. Maigida kuma ya sani barinta ta fita rabin awa ya fi sauƙi a kan sayen maganin suga duk wata.

Kiɗa: a saka rediyo a kunne, ko karatu, ko abin da rai ke so, amma kunne ɗaya a buɗe saboda moto.

Lokaci: a ɗaura tafiyar a jikin abin da ba a fashinsa. Mai cewa "in na samu lokaci" ba zai samu ba. Mai cewa "in an sallame asuba ba na shiga gida sai na kai wuri kaza na dawo" ya rage ma kansa shawara kullum. Wani bincike na wata jami'ar Landan a 2009 ya nuna sabon abu na ɗaukar kwana 66 a tsaka-tsaki kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254. Ya kuma nuna fashin kwana guda bai ɓata komai ba. Don haka in kana mako na uku har yanzu da ƙyar kake tashi, daidai kake.

Sikeli kuwa a yi hattara da shi. Nauyin mutum na hawa da sauka da kilo guda ko fiye a yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, mata kuma lokacin al'ada. Mai hawa kullum ransa kawai zai ɓata. Sau ɗaya a mako, da safe, sikeli ɗaya. Igiyar nan da muka ce a aje, a gwada ta duk wata, sau da dama ciki na raguwa kafin kilo. A kuma lura da wasu alamu: barci ya gyaru, tashi daga sujada ya yi sauƙi, wando ya fara sako-sako, awon tansiyo ya sauka.

Akwai wani cikas da littattafan Turai ba su faɗa: bakin mutane. A wurinmu ƙiba alamar hutu da wadata ce, musamman ga matar aure. Da zarar mace ta fara raguwa sai a fara: "Wance lafiya? Ko maigidan ne ba ya cefane?" Namiji a ce karayar arziki ce ko wata cuta. Wasu wannan kaɗai ke maida su baya. Abin da ke aiki shi ne a riga su faɗa. A gaya ma uwa da miji da ƙawaye tun farko cewa tansiyo ce ko suga ake gudu, kuma a asibiti aka ba da shawara. In suka san dalili, su ne za su riƙa tambaya ko an fita yau.

Samari masu sha'awar ƴan kokowa, tun ba bayan gasar takobi ta ƙarshen 2023 da aka yi nan Agadas ba, wadda Issaka Issaka na Doso ya lashe: jikin ɗan kokowa da atisaye na kullum aka gina shi. Cin abincinsa ba tare da aikinsa ba tumbi kawai yake kawowa.

Ƙwayoyi da shayin rage tumbi

Yawancin shayin rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp da kasuwa gudawa ko fitsari yake sawa, wasu filasko ne a ciki. Ruwa ke fita, kuma a garin zafi irin namu wannan haɗari ne. A ɗaya gefen akwai ƙwayoyin sa ƙiba da ƴan mata ke saye wurin masu tallar magani, irin su deksametazon. Yana kumbura fuska da ciki, ya hau da suga da tansiyo, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Azumi, tafiya da rashin lafiya

Cikin Ramadan ba a dainawa, lokaci ake canzawa. Bayan asham ya fi dacewa, ko tafiya marar sauri ta minti 15 dab da shan ruwa ga mai lafiya. Mai ciwon suga ya bar na kafin shan ruwa. Soye-soye da lemu mai zaƙi na buɗa baki su ke sa wasu fitowa daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi.

Maijego ta fara da zagayen tsakar gida in jiki ya yarda, wadda aka yi ma aiki ta jira izinin ungozoma ko likita. Direbobin Arlit da Dirku da Tawa, duk inda aka yada zango a sauka a taka minti 10 kafin a zauna cin abinci. Wanda zazzaɓi ya kwantar, ko biki ko rasuwa ta ɗauke masa mako 2, in zai dawo ya fara da rabin inda ya tsaya: mai minti 30 ya koma 15, ya ƙara 5 duk bayan kwana 3 ko 4 har ya cimma inda yake.